Tallafin dala 24,000 ko Lehman da ke kusa da gida? Ku ba mu shawara

Maman yara, Bronx:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar jami'a a ƙasar nan. 'Yata ta fari za ta gama Bronx Community College a watan Mayu in Allah ya yarda, digirin shekara biyu na AS, kiredit 60, matsakaicin makinta, wato GPA, 3.7 cikin 4. Kimiyyar halittu take so ta ci gaba da ita, burinta likitanci.

Wuri biyu suka ɗauke ta. Akwai Lehman College, wadda jirgin ƙasa mai lamba 4 zai kai ta, ta dawo ta kwana a gida. Akwai kuma wata kwaleji mai zaman kanta can arewacin jihar, ba zan kama suna ba. Sun ce za su ba ta tallafin dala 24,000 duk shekara, sun kuma sa ta a shirinsu na haziƙan ɗalibai da suke kira Honors. Babanta tun ranar da takardar ta zo ya buga waya Kumasi ya sanar da dangi. Ita ma yarinyar ranta yana can.

Abin da ya hana ni barci shi ne, da ta tambaya kiredit nawa za su karɓa cikin 60 ɗin nan, sai aka ce sai ta biya kafin alƙalami dala 500 tukuna a duba. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi gida-gida, na san yadda dala take shigowa. Ba na so in tare mata hanya, ba na kuma so ta fara rayuwa da bashi. Yaya za mu yi?

Malama mai aikin rajista:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi mata albarka, 3.7 ba wasa ba ne. Amma kada ku biya ko sisi sai kun ga lissafin kiredit a rubuce. Biya kafin a duba cinikin biri a sama ne.

Digirin farko a nan kiredit 120 ne. Tunda AS take da shi daga makarantar CUNY, wato jami'ar birnin New York wadda Lehman ma ke ƙarƙashinta, in ta shiga Lehman ƙa'idar CUNY ta ba ta 60 ɗinta, kuma tsarin Pathways da aka fara a 2013 ya sa darussan gama-gari da ta yi ba za ta maimaita su ba. Kwaleji mai zaman kanta babu abin da ya ɗaure ta, sai abin da ta ga dama, in ba akwai yarjejeniya tsakaninta da makarantar da aka baro ba.

Ga kuma inda iyaye da yawa suke ruɗewa. Za a iya cewa an karɓi kiredit 54, ku yi murna, alhali rabinsu an jefa su ne a kwandon darussan zaɓi. Ba su cike gurbin komai a sashenta ba. Sai ka ga yarinya ta sake zama ajin kemistiri da ta riga ta ci da A. Don haka tambayar da za ta rubuta wa ofishin rajista ita ce: kwas nawa ya rage min in gama, kuma a zangon karatu nawa? In suka ce biyar ko shida maimakon huɗu, lissafi ya canza gaba ɗaya, domin tallafin TAP na jihar New York zango takwas ne iyakarsa, ta kuma riga ta cinye huɗu in tana karɓa. Pell, tallafin gwamnatin tarayya, shi zango 12 ne. Ku kuma duba takardar tallafin nasu: shekara nawa zai yi, wane maki za ta riƙe kafin a sabunta, kuma yana ƙaruwa ne in kuɗin makaranta ya tashi? Galibi ba ya ƙaruwa.

Sannan Hajiya ki daina kallon 24,000, ki kalli abin da ya rage bayan an cire. Ki haɗa kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci da kuɗin mota zuwa gida lokacin hutu. A kwalejojin CUNY na shekara huɗu irin su Lehman mazaunin jiha dala 6,930 yake biya a shekara, ban da ƙananan kuɗaɗe, cikakken Pell kuwa 7,395 ne. Na Lehman ma ta shiga shafin Transfer Explorer na CUNY ta ga kowane kwas nata inda zai faɗa, kyauta ne.

Ɗalibin likitanci:

Mama ina wuni. Duk abin da Malama ta faɗa haka yake, amma kada a raina Honors ɗin nan. Mai neman makarantar likitanci yana buƙatar malaman da suka san shi ido da ido, waɗanda za su rubuta masa takardar shaida mai nauyi, yana kuma buƙatar ya taɓa aiki a ɗakin bincike. Ni ta irin wannan shirin na samu duka biyun: aji ƙarami, damar yin rajista kafin sauran ɗalibai, da malamin da ya riƙe ni har na rubuta kundina.

Sai dai an gina yawancin shirye-shiryen ne don wanda ya shigo tun shekarar farko. 'Yarki ta tambaye su: wanda ya shigo a shekara ta uku kwas nawa na Honors zai yi, kuma suna cikin 120 ɗin ko ƙari ne a kai? In ƙari ne, ga shirin MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, abin zai mata yawa. Ta kuma je sashen kimiyyar halittu na Lehman da ƙafarta ta tambayi malamai wa ke ɗaukar ɗalibai bincike. Macaulay Honors, shirin haziƙai na CUNY, galibi daga sakandare suke ɗauka, amma bincike ba sai da shi ba.

In tana cikin Phi Theta Kappa, ƙungiyar haziƙan ɗaliban kwalejojin shekara biyu, ta faɗa wa waccan kwalejin, makarantu da dama suna da ƙarin tallafi na musamman ga 'yan ƙungiyar.

Wani uba, Harlem:

Hajiya, ni dai abu ɗaya zan ce. Takardar tallafi sau da yawa tana zuwa da rance a ciki, an jera shi tare da kyauta kamar duk ɗaya ne. Ɗana sai da muka zauna da biro muka ware su. Na gwamnati iri biyu ne, akwai wanda ruwa ba ya hawa kansa muddin yaro yana makaranta, akwai wanda yake fara hawa tun ranar da aka ba da shi. Ki nuna wa maigida wannan layin. Dangi na Kumasi za su yi murna da digiri ko daga ina ya fito.

Maman yara, Bronx:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare muka zauna mu uku da takardar. Gaskiyar Alhaji na Harlem, akwai rance a ciki, kuma bayan an cire komai da komai sauran kusan dala 15,000 a kanmu duk shekara. Babanta ya yi shiru, bai dai ce ya haƙura ba. Yau da safe ta tura musu takardar sakamakonta da bayanin kowane kwas, ta roƙi a ba ta lissafin a rubuce kafin ranar biya. Malama, in suka sake cewa sai an biya, akwai wanda ya kamata ta nema sama da ofishin ɗaukar ɗalibai, ko shugaban sashen za ta rubuta wa kai tsaye?