Wai dole sai da babbar kyamara, ko waya ta wadatar?

Ɗan Rikkos:
Salam jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ƙanina ne ya ishe ni wai shi harkar bidiyo zai shiga, gajerun finafinai na TikTok da ɗaukan biki, kuma lallai sai an saya masa babbar kyamara. Ni kuma gani nake Tecno ɗin hannunsa ma tana ɗauka tas. In fidda kuɗin ne ko ya lallaɓa da wayar?

Baba Mai Kaset:
Ɗana ku dai ku gode wa Allah da zamanin da kuka zo. Lokacin da muke ɗaukan biki a nan Jos kyamarar VHS ake saɓawa, kafin a kai amarya kafaɗa ta sage, batir ya mutu ana tsakiyar kamu, in za ka yi editin kuma sai ka jona bidiyo biyu ɗaya na juyawa ɗaya na naɗa, ka kuskure ka koma baya. Duk da haka kaset ɗin ne ya buɗe wa talaka ƙofa, a kansa aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. Kafin nan ai fim sai gwamnati da masu hali.

Hajjo Farin Gada:
Baba gaskiya ka faɗa. A ajinmu an mana tarihin kyamarar Portapak ta Sony da ta fito a 1967, wadda mutum ɗaya zai rataya ya fita titi, irinta masu fasahar bidiyo kamar Nam June Paik suka samu suka daina jiran gidan talabijin. Yau wannan duk yana aljihun ƙaninka, ga manhajar editin ta CapCut kyauta. Yaya, ka saya masa ƙaramin makirfon da abin kafa waya tukuna, wlh iskar Jos cinye magana take, ya gwada ɗauka a dutsen Shere da hunturu ya ji.

Maman Ikram:
Hmm na TikTok na yarda, amma biki fa? Dangin amarya suka gan shi da waya cewa za su yi shi ma ɗan biki ne, ba mai matsa masa balle a biya shi. Ya dinga karɓo hayar babbar kyamara ranar aiki.

Ɗan Rikkos:
Na gode. Hajjo makirfon ɗin ana samu a kasuwar Terminus?