Dundumin gado da yanar ido: shawarwarin da aka bayar a wani zama a Ringim

Zaman ya taso ne daga koken wani magidanci wanda 'ya'yansa biyu ke lalube da zarar magariba ta yi, har ba sa iya mayar da awaki turke. Ma'aikaciyar ido ta bayyana cewa irin wannan dundumi, idan na gado ne, yana fitowa daga lalacewar tantanin da ke can bayan ido, kuma yana samun kusan mutum 1 cikin 4,000. Auren zumunci yana ƙara yiwuwarsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa gaban ido ma yana canzawa. Masu wannan lalura sukan yi yanar ido tun suna matasa, wadda ke sa hasken rana ya riƙa kashe musu ido, kuma ita ana iya cire ta a asibiti, gani ya ƙaru, ko da yake tiyatar ba ta gyara tantanin baya. Ma'aikaciyar ta gargaɗi iyaye sosai kada su kai yaro wurin masu tura yana da allura a gargajiyance, domin makanta ce ke yawan biyo baya.

An kuma shawarci a riƙa auna hawan jinin ido, a hana yara yawan murza ido saboda yana iya lanƙwasa tantanin gaba, a sa musu malafa da rana. Wanda aka ga alamar a gare shi, a kai shi da 'yan'uwansa asibitin ido a Kano ko Dutse.