Neman kalmar Hausa: me za mu kira "short line"?

1/ 'Yan uwa, kwana biyu ina kallon hotunan jiragen ƙasa na dakon kaya a karkarar Amurka. Na so in sa ɗaya da bayani a Hausa, sai kalmar "short line" ta tsaya mini a wuya.

2/ Ga abin da take nufi. Hukumar sufurin Amurka ta raba kamfanonin jirgin ƙasa gida uku bisa kuɗin da suke samu. Manya shida ne a aji na ɗaya, irin su BNSF da Union Pacific. 'Yan aji na uku su ne "short line", wajen 600. Sun yawaita bayan dokar Staggers ta 1980, wadda ta sassauta ƙa'idojin harkar jirgin ƙasa, da manyan suka dinga sayar da layukan da ba sa kawo musu riba. Aikin ƙananan shi ne su kwaso hatsi, katako ko takin zamani tsakanin rumbunan ƙauye da babban layi.

3/ Fassarar kai tsaye ita ce "gajeren layin dogo". Ban amince da ita ba. Gajere da dogo a baki ɗaya suna rikita mai sauraro, kuma ba tsawon ƙarfen aka auna ba, ƙarfin kamfanin aka auna.

4/ Na gwada "reshe". Wannan muna da shi a gida: layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da na Kano zuwa Nguru, rassa ne da suka yi dakon gyaɗa. To amma reshe da uwa duk mai su ɗaya ne. "Short line" kuwa kamfani ne daban, da kan jirginsa da ma'aikatansa. Nan reshe ya gaza.

5/ Shawarata: ƙaramin dogo. Jam'i, ƙananan dogo. Kishiyarsa babban dogo. Ƙarami ya faɗi matsayi, bai taɓa tsawo ba, kuma bakin Bahaushe ba zai yi tuntuɓe da shi ba.

6/ Masu ɗaukar hotunan jiragen nan fa? Abin da ke jan su shi ne tsofaffin kawunan jirgi irin GP9 na shekarun 1950 da har yau suke aiki a can. A wasu layukan jirgin ba ya wuce mil 10 a awa, sai mutum ya ɗauke shi a gada, ya shiga mota ya riga shi zuwa mararraba ta gaba, ya sake ɗauka. Wani lokaci jirgi ɗaya ne a yini, in ka makara sai gobe. Wannan ai farauta ce, shi ya sa na kira su mafarautan jirgi.

7/ Ga yadda na rubuta ƙarƙashin hoton: "Jirgin hatsi a kan ƙaramin dogo, Kansas." Tsofaffin ma'aikatan reluwe na Zariya da Kafanchan, in akwai sunan da kuke kira da shi tun da, ku faɗa mana, naku ne gaba.