Shahon da ke ɗauke mana tattabaru a Kaduna: gaskiya ne yana cikin haɗarin ƙarewa?

Mai Tattabaru, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina kiwon tattabaru a saman gidanmu, kuma tun shigowar hunturu akwai wani shaho da ya addabe su da hantsi. Ba shirwar da muka saba gani tana shawagi a kan mayanka ba ce. Wannan yakan yi sama har ya kusa ɓacewa, sai ya naɗe fikafikansa ya faɗo kamar an jefo dutse, ya bugi tattabara a iska, gashinta ya tarwatse. Bayansa ruwan toka ne, kansa baƙi, ƙirjinsa fari mai zane-zane. Wasu abokan kiwo sun ba ni shawarar in shafa wa tattabara ɗaya guba in sake ta, amma na ji an ce irin wannan tsuntsu ya taɓa kusa ƙarewa a duniya. Ina roƙon masana su yi mini bayani kafin in aikata abin da ba shi da gyara.

Malamin Kimiyya, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Siffar da ka bayar ta yi daidai da shahon da masana ke kira Falco peregrinus, wanda gudunsa idan ya kawo farmaki yakan wuce kilomita 300 a awa. Ka ƙara duba kansa, domin akwai ɗan'uwansa da ya fi shi yawa a Arewa, mai sheƙa a kan manyan duwatsu, shi kuma ƙeyarsa jaja-jaja ce. Akwai masu zama a Afirka shekara duka, akwai kuma baƙi da ke tasowa daga arewacin Rasha su yi hunturu a wajenmu.

Abin da ka ji gaskiya ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta fesa maganin ƙwari na DDT a gonakin Turai da Amurka. Ƙananan tsuntsaye suka ci hatsi da ƙwarin da suka sha maganin, shaho ya ci tsuntsayen, gubar ta taru a jikinsa. Ba lallai ta kashe shi nan take ba, amma tana sa ɓawon ƙwansa ya yi rashin kauri, sai uwa ta zo kwanci ƙwan ya fashe a ƙarƙashinta. Wani masani mai suna Derek Ratcliffe ne ya bayyana wannan raunin ɓawo a Birtaniya a 1967. A tsakiyar shekarun 1960 babu sauran irin wannan shaho mai sheƙa a gabashin Amurka. Ƙasar ta hana DDT a 1972, kuma masani Tom Cade na Jami'ar Cornell ya jagoranci ƙyanƙyashe su a hannu, aka saki dubbai. A 1975 aure 324 kacal aka sani na nau'in Amurka, amma zuwa 1999 sun farfaɗo har an cire su daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Yanzu suna sheƙa a kan dogayen benaye da gadoji a Landan da Niyok, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa su cikin waɗanda ake wa fargaba ba.

Likitar Dabbobi, Kawo:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina jin tsoron a ɗauka magana ta ƙare a 1999. Tun daga 2021 murar tsuntsaye ta H5N1 tana kashe irin wannan shaho a Turai da Amurka, musamman masu zama a bakin teku, saboda agwagwar ruwan da cuta ta raunana ita ce mafi sauƙin kamu. Mu mutanen Kaduna mun san wannan cuta, domin a wata gonar kaji kusa da Jaji aka fara tabbatar da ita a Afirka a watan Fabrairun 2006. Ga kuma masu satar ƙwai da 'ya'ya suna kai wa masu farauta da shaho a ƙasashen Larabawa.

Farfaɗowar da aka gani a can ba ta nuna halin da muke ciki a nan. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya duba nau'i 42 na tsuntsaye masu farauta a dazukan Afirka, ya gano kusan kashi 90 cikin ɗari suna raguwa, kuma abin ya fi muni a Afirka ta Yamma. Duk wanda ya girma a garin nan ya san yadda ungulu ta ɓace daga mahauta. Feshin da ake yi wa jan-baki a gonakin shinkafa yakan haɗa da duk mai cin gawarsu, sannan ana sayar da kawunan irin waɗannan tsuntsaye a kasuwar masu magani.

Don Allah, Malam, ka bar maganar guba. Shaho yakan ci ya bar saura, kuma sauran na iya faɗowa a tsakar gidan maƙwabci inda akwai kaji, kyanwa da yara ƙanana. Idan ka samu hotonsa, ka aika wa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, domin suna tattara bayanan inda ake ganin kowane tsuntsu a Najeriya.

Dattijo Mai Kiwo, Unguwar Sanusi:

Ɗana, na daɗe a wannan sana'a, kuma na san zafin ganin an ɗauke maka tattabarar da ka raina tun tana ƙwai. Shaho yana riƙe lokaci, saboda haka ka daina sakinsu a sa'a ɗaya kullum. Ka kulle su na 'yan kwanaki, idan ya zo bai samu komai ba zai koma wajen hasbiya da kurciya. 'Yan shila da masu rauni kada su tashi tare da manya, gama su yake fara zaɓa. In baƙon hunturu ne, kafin ruwan farko ya sauka za ka neme shi ka rasa.