Kiyub ɗina ya miƙe kamar burodin Agege

ɗan_agege: Salam jama'a, tun jiya nake fama da OpenGL, abin zana hoton 3D a kwamfuta, na saka glm::perspective mai saita hangen kyamara, kiyub ɗin da na zana ya baje, in na juya kyamara kuma sai ya ɓace gaba ɗaya, wlh kaina ya ɗau zafi ga wuta an ɗauke.

ƴar_obalende: Ɗan uwa kusurwar digiri 45 ka ba shi kai tsaye ko? radiyan yake karɓa ba digiri ba, sa glm::radians ya mai da digirin radiyan.

malam_idiaraba: Duba aspect ɗinka ma, wato faɗin hoto a raba da tsawonsa, 800/600 in duka int ne, wato lamba mara ɗigo, 1 zai ba ka maimakon 1.33, shi ke baje hoton. Ɓacewar kuma ina zargin near, wato tazara mafi kusa da kyamara ke gani, ka sa 0, lissafin zurfi rushewa yake, mai da shi 0.1.

ɗan_agege: Kai Malam, int ɗin ne! Allah ya saka, saura near.