Sakandaren gwamnati a Montgomery, ina zan kai yaro?

Sabon Zuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun kama haya a Germantown, gundumar Montgomery, jihar Maryland ta Amurka. Ɗana ya gama SS1 a Kano. Makarantar Seneca Valley ko ta Northwest, wacce ta fi?

Kawun Yara: Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Adireshin gidanka ne zai zaɓa maka. Ka sa shi a shafin makarantun Montgomery, zai nuna taku.

Maman Biyu: Malam, ka bar zancen wacce ta fi tukuna. Takardun sakamakonsa suna hannunka? Ni abin da ya same ni kenan a wata jiha kafin mu dawo nan. Na zo da sakamakon SS1 kawai, ashe sakandarensu shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12, wato JSS3 ɗinmu ita ce shekarar farko. Kowane darasi da yaro ya ci lissafa shi ake yi kafin a ba shi shaidar kammalawa. Da ba mu da na JSS3, aka maida 'yata aji 9. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajinsu ta zauna a mota tana kuka, ta ƙi ko taɓa abincin da na ƙunso mata. Wata uku ƙanena yana sintiri ofishin shugaban tsohuwar makarantarta kafin a buga hatimi. Don Allah ka kira gida yau, a karɓo na JSS3 da SS1, kowane zango.

Sabon Zuwa: Subhanallahi. Na SS1 kaɗai muka taho da shi, Hajiya.

Kawun Yara: Ka haɗa da katin rigakafi, takardar haihuwa da ta haya. Wanda ya zo daga waje ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje a Rockville yake fara bi.

Bazazzagiya: Sannan ƙarfe 7:45 ake shiga aji, bas kuwa ba ta jira. Ku sayi rigar sanyi mai kauri tun yanzu.

Bakatsine: Seneca Valley dai sabon gini ce, 2020 aka gama shi.

Bazazzagiya: Gini ne zai yi masa karatun, Yaya?

Bakatsine: Ke Zage-zagi ba a raba ku da musu.

Maman Biyu: Akwai kuma awa 75 na aikin taimakon al'umma, dole ne a Maryland kafin yaro ya kammala. Ya fara tarawa da wuri.

Sabon Zuwa: Allah Ya saka da alheri. Juma'a fa, suna barin yara su fita?

Kawun Yara: Ka zauna da malamin da ke ba ɗalibai shawara ranar rajista, ka tambaye shi baki da baki.