Littafin aljanu da littafin yaƙin Giginya: wanne ya fi ɓatar da mai karatu?

Malam Sambo: Assalamu alaikum. Na kammala littattafai biyun da muka ɗauka a wannan wata, kuma ra'ayina shi ne ƙagaggen labarin tarihin ya fi na aljanun haɗari. Na aljanun labarin ɗan sanda ne mai binciken mutuwar amare a wani tsohon gida, wanda a ƙarshe ya gano aljana ce ke kashe su, kuma duk wanda ya buɗe shi ya san nishaɗi ya zo nema. Ɗayan kuwa ya ɗauko shigowar Turawa Sakkwato a 1903, ya kawo ranaku daidai: yaƙin Giginya ranar 15 ga Maris, hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya zuwa gabas, da shahadarsa a Burmi ranar 27 ga Yuli. Sai da mai karatu ya saki jiki da shi, sannan ya ƙirƙiri wani zaman dare inda Wazirin Sakkwato, Buhari, yake ciniki da ɗan saƙon Turawa tun kafin a gwabza, bai kuma faɗa ko'ina cewa daga kansa ya fito da wannan ba.

Hajiya Luba: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, inda na rabu da ku shi ne cewa kowa ya ɗauki na aljanun a matsayin nishaɗi. Aljanu a wurinmu ba Gizo da Ƙoƙi ba ne. Sura guda ce mai sunansu a Alƙur'ani, don haka mai karatu da imaninsa yake shiga littafin. Ku sake duba inda amarya ta biyu ta faɗi a tsakar gida: jikinta ya sandare, ya shiga karkarwa, idanu suka juye, kumfa ta fito a baki, bayan 'yan mintoci ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba, sai barci ya ɗauke ta. Duk wanda ya yi aikin jinya ya san farfaɗiya aka siffanta, cutar da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, wadda mafi yawan masu ita suke samun sauƙi idan sun dage da shan magani. A littafin an danne ta, an tura mata cokali a baki, an turara mata hayaƙi, likitan da ya ce a kai ta asibiti kuma shi aka mayar wawan labarin. Uwar da ta karanta wannan, ranar da 'yarta ta faɗi, asibitin ƙwaƙwalwa da ke Kware ba zai zo mata a rai ba. Waziri ya riga mu gidan gaskiya, yarinyar da za a karya wa haƙora da cokali kuwa tana nan da ranta.

Nasiru: Baba Malam, a yi mini afuwa, ni ina ganin an tsananta wa marubucin tarihin. A makaranta an koya mana 1903 a layi biyu, amma sai da na karanta littafin nan na san cewa ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da jama'a har Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Idan ba a bar marubuci ya sa wa mutanen zamanin da magana a baki ba, me ya bambanta aikinsa da littafin jarrabawa?

Malam Sambo: Nasiru, ba ƙirƙirar ce ta dame ni ba. Ya ƙirƙiri maƙeri, ya ƙirƙiri matar da ta bi ayari da goyo, duk ban ce uffan ba, domin ba su da jikokin da za su ji ciwo. Amma Waziri Buhari ya bar risala da Larabci yana bayyana wa malamai dalilin da ya sa ya dawo ya yi sulhu: jama'a masu yawa, hanya babu isasshen abinci da ruwa, ga kuma tsoron kada a watse a bar ƙasa babu mai tsayar da addini a cikinta. Ya nemi fatawa, kuma rubutun nasa ya nuna zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sarkin Musulmi ya zaɓi hijira, Wazirinsa ya zaɓi zama, kowannensu da hujjarsa daga littattafan Shehu da na magabata. Wannan rabuwar ita ce ainihin labarin, kuma ta fi zaman dare da ɗan saƙo nauyi nesa ba kusa ba. Marubucin ya bar ta ya ɗauki cin amana saboda ya fi sauƙin rubutawa.

Malama Inno: Ni ta fuskar sana'ar rubutu nake kallon su, kuma duka biyun ragwanci ɗaya suka yi. A na aljanun, ɗan sandan ya tara shaidu masu kyau: sawun takalmi a bayan katanga, makullin da ya ɓace, kishiyar da ta canza magana sau biyu. Na yi ta lissafi tare da shi, sai aljana ta fito a babin ƙarshe ta share komai, kamar a wuni ana tuƙa tuwo a kawo wa baƙo gari. Bugu da ƙari, marubucin bai rarrabe bori da ruƙiyya ba, har ya sa mai ruƙiyya yana yi wa Ɗan Galadima, aljanin bori, kirari. A na tarihin kuma, ya cika filin Giginya da fararen fata, alhali Turawan 'yan ƙalilan ne, hafsoshi. Mafi yawan sojojin da suka zo baƙaƙe ne, da yawansu Hausa suke ji. Da ya nuna wanda ke ɗauke da harsashin bindiga mai ruwa yana jin kabbarar mutanen da ake harbi, da bai buƙaci ya ƙaga wa kowa cin amana ba.

Hajiya Luba: Malama, na yarda da ke kan ragwancin, amma maganar Malam a kan haɗari take, haɗari kuma yana tafiya da yawan masu karatu. Littafin tarihin mu nawa muka saye shi? Na aljanun yana yawo a wayoyin 'yan mata, ana tura shi babi-babi.

Malam Sambo: Hajiya, kan cokalin nan ina tare da ku ɗari bisa ɗari. Sai dai likita zai iya ƙaryata shi a rediyo gobe, a kuma ga shaida a jikin wanda ya sha magani ya samu lafiya. Yaron da ya haddace cewa Waziri ya sayar da gari, wa zai zaunar da shi ya karanta masa risalar?

Nasiru: Baba, da a ce ya ƙara shafi guda a ƙarshe ya lissafa abin da ya ƙaga, da kun yafe masa?

Malam Sambo: Da na yafe masa maƙerin da mai goyon. Zaman daren kuwa sai ya cire shi, domin shafin ƙarshe ba kowa ke kai wa gare shi ba.